Yadda ake gane girman injin tsohuwar Volkswagen ƙirar kunkuru

Idan ka ɗaga murfin bayan Volkswagen Beetle, wadda muke kira kunkuru ko Bitil, abin da ido zai fara gani kusan ɗaya ne a kowace: baƙin gidan fanka a tsaye, janareto a gabansa, kafireta a tsakiya, fambel yana zagaye da fuli biyu. Kai ka ce uwa ɗaya uba ɗaya ne duka. Amma a cikin wannan sura guda, kamfanin ya yi manyan injina huɗu da suka fi yawa a hannun jama'a, wato 1200, 1300, 1500 da 1600, kuma kowanne yana hawa mazaunin ɗan'uwansa, galibi ba tare da wata wahala ba. Noti biyu a ƙasa, kusoshi biyu a sama, su ne kawai ke riƙe da inji a jikin giya. Shi ya sa motar da ta shekara hamsin tana yawo da wuya ka same ta da injin da ta baro masana'anta da shi, wanda kuma yake nan ɗin ma an sha buɗe cikinsa.

Sanin girman ba kwalliya ba ne. Da shi za ka sayi ringi da fistin, da shi za ka san kafiretar da ta dace, da shi kuma za ka yi ciniki, tunda mai sayarwa ya san "1600 ce" ta fi kawo kuɗi. Akwai kuma maganar zafi. Kunkuru ba ta da lagireto, iska ce kaɗai da baƙin mai ke sanyaya ta. Injin 1600 da aka ɗora wa ƙaramar kafiretar 1200 ba zai samu fetur ɗin da ya ishe shi ba, sai ya riƙa ɗaukar zafi fiye da kima, kuma a ranar watan Afrilu irin ta Sakkwato ko Maiduguri wannan shi ne hanyar ƙona bawul.

Tsarin da nake ba da shawara shi ne ka fara da shaidar da ba ta cin kuɗi, ka bi a hankali zuwa wadda ke buƙatar sufana. Kowane mataki yana rage zato, amma na ƙarshe ne kaɗai ke yanke hukunci.

Abin da lambobin ke nufi

Girman inji shi ne yawan sararin da fistin huɗu ke sharewa a cikin silinda daga sama zuwa ƙasa, ana auna shi da cc. Abu biyu ke haifar da shi: faɗin ramin silinda, da tsawon tafiyar fistin, wanda kiranshaf, wato sandar da fistin ke juyawa, ke ƙayyadewa. Ga yadda suke a kunkuru, duka da milimita:

- 1200: faɗi 77, tafiya 64, ainihin girma 1192 cc
- 1300: faɗi 77, tafiya 69, ainihin girma 1285 cc
- 1500: faɗi 83, tafiya 69, ainihin girma 1493 cc
- 1600: faɗi 85.5, tafiya 69, ainihin girma 1584 cc

Ka lura da abin da ke cikin wannan jeri, domin duk sauran bayanin a kansa ya dogara. 1200 da 1300 faɗinsu ɗaya, kiranshaf ne ya raba su. 1300, 1500 da 1600 kuwa kiranshaf ɗinsu ɗaya, faɗin silinda ne kawai bambancin. Ma'ana duk wanda ya sauya silinda da fistin ya sauya girman inji, ba tare da ya taɓa lambar da ke jikin bulok, wato gangar jikin injin, ba. Akwai wani tsoho kafin waɗannan, mai 1131 cc, faɗi 75 tafiya 64, da aka yi har ƙarshen 1953, amma samunsa yanzu sai a wurin masu tara motocin tarihi.

Mataki na ɗaya: rubutun murfi da takardu

Karanta su, amma kada ka ɗora komai a kansu. Murfin baya ana cire shi daga wata mota a ɗaura a wata cikin minti goma, takardu kuma abin da aka faɗa wa mai rubutu ya rubuta. Wani abin da ke rikita mutane shi ne 1302 da 1303. Waɗannan sunan ƙirar jiki ne, ba girman inji ba. 1302 ta fito a watan Agustan 1970, 1303 mai lanƙwasasshen gilashin gaba ta biyo a Agustan 1972, kuma ana samunsu da injin 1300, waɗanda aka ƙara wa harafin S a bayan sunan kuma da 1600.

Mataki na biyu: lambar jikin mota

Ɗaga kujerar baya. A kan tudun ƙarfen da ya ratsa tsakiyar motar, kusa da wani ɗan murfi, za ka ga lamba a buge. Akwai kuma faranti a gaba, bayan safaya taya, mai ɗauke da lambar. Ta ƙarƙashin kujera ta fi aminci don ita a jikin ƙarfen take, faranti kuwa ana iya sake shi.

A motocin Jamus daga Agustan 1964, lambobi biyun farko suna nuna nau'in mota: 11 kunkuru ce ta yau da kullum, 13 ita ce 1303, 15 mai buɗaɗɗen rufi. Lamba ta uku ita ce shekarar ƙira. Idan ka ga 117, ƙirar 1967 ce. Har zuwa ƙirar 1969 lambobin guda tara ne, daga 1970 suka koma goma, don haka 115 mai lamba tara ta 1965 ce, mai lamba goma ta 1975. Shekarar ƙira a wurinsu daga Agusta take farawa, wato motar da aka ƙera a Satumban 1966 ƙirar 1967 ce.

Amfanin wannan shi ne ka san injin da ya kamata a ce yana ciki. 1300 ya fara ne da ƙirar 1966, 1500 da ƙirar 1967, 1600 ya shiga kunkuru da ƙirar 1970. Motar 1963 da aka ce maka tana da 1600, to an sauya mata inji, ba laifi ba ne, amma ka san ba nata ba ne.

Mataki na uku: lambar inji

Nan ne mafi yawan aikin yake. Ka tanadi kananzir, tsohon buroshin haƙori, tsumma, alli da tocila. Inji ya huce tukuna, a zare makulli.

Tsaya a bayan motar ka dubi ƙafar da janareto ko altaneta ke zaune a kai. Can ƙasanta, a jikin bulok, sama da babban fulin kiranshaf, akwai wani ɗan shafaffen wuri. Lambar tana nan. Yawanci baƙin mai da ƙura sun yi mata ɓawo, sai ka jiƙa da kananzir ka goge da buroshi. Kada ka sa samfefa ko buroshin ƙarfe. Bulok ɗin kunkuru na magnesiyam ne, ƙarfe mai laushi, kana iya share harafin da kake nema da hannunka. Idan rubutun ya dushe, shafa alli ka goge samansa da yatsa, farin zai zauna a cikin ramukan. Haska tocila daga gefe maimakon daga sama, sannan ka ɗauki hoto da waya ka buɗe shi da girma. E da F, ko B da D, suna yaudarar ido idan datti ya cike ƙafar harafin.

Idan lamba ce zalla babu harafi a gaba, injin ya girmi Agustan 1965, kuma a asalinsa 1200 ne ko wancan tsohon. Mai lamba bakwai da ya fara da 5 zuwa 9 shi ne 1200 mai ƙarfin doki 34 da aka fara da ƙirar 1961. Wanda ya fara da ƙasa da haka ya fi tsufa, kuma akwai alamar da ke tabbatarwa: ƙafar janaretonsa a haɗe take da bulok, zubi ɗaya, alhali a na baya ɗaura ta ake da noti huɗu.

Daga Agustan 1965 aka fara sa harafi. Waɗanda za ka fi cin karo da su a injinan Jamus (ƙofar iska ita ce inda fetur da iska ke shiga kan silinda, bayaninta yana mataki na huɗu):

- D: 1200, doki 34
- F: 1300, doki 40
- AB da AR: 1300 mai ƙofar iska biyu, doki 44
- H: 1500, doki 44
- B: 1600 mai ƙofar iska ɗaya
- AD da AS: 1600 mai ƙofar iska biyu, doki 50
- AE, AH, AK: 1600 na kasuwar Amurka
- AJ: 1600 mai injekta

Akwai wani rukuni da ya kamata mu a Afirka mu sani: E da AC a 1300, L a 1500, AF a 1600. An yi su ne don ƙasashen da fetur ɗinsu ba shi da ƙarfi a wancan zamani, aka rage musu matsi ta hanyar sa fistin mai ɗan kwarmi a ka. Girmansu daidai yake da na 'yan'uwansu, dokin ne ya ɗan ragu. Kuma idan ka ga ƙarfin dokin da wani ya faɗa ya fi wanda na rubuta, misali 40 a maimakon 34, ba saɓani ba ne: Amurkawa da nasu ma'aunin suke ƙirgawa, ni na Jamus na bi.

Sai maganar Brazil. Kamfanin Volkswagen of Nigeria ya fara haɗa motoci a Legas a 1975, kuma alaƙarsa da masana'antar Brazil mai ƙarfi ce, Igala ma da aka sani a titunanmu ita ce Brasília ta can aka sauya wa suna. Saboda haka injinan Brazil suna da yawa a nan, kuma haruffansu daban ne: BF 1300 ne, BH 1500. Kada ka ga B a farko ka yi saurin cewa ai 1600 ne na Jamus, duba ko akwai harafi na biyu a manne da shi. Na Meziko kuma, inda aka ci gaba da ƙera kunkuru har 30 ga Yulin 2003, na ƙarshensu masu injekta ACD ne, 1600.

Tarkuna uku ke nan a wannan mataki. Na farko, a gefen bulok za ka iya ganin AS41 ko AS21 da manyan haruffa masu tudu. Mutane da yawa suna ganin wannan su ce sun samu AS, wato 1600. Wannan sunan haɗin ƙarfen da aka zuba bulok ɗin da shi ne, ba ruwansa da girma. Lambar inji bugawa aka yi, ta nutse ciki, ba ta taso ba. Na biyu, idan ka ga X a ƙarshen lamba tare da tambarin VW da kibiyoyi suka kewaye, injin ya koma masana'anta an sabunta shi. Na uku, wurin yana iya zama fayau babu komai. Ba dole ne a ce na sata ba ne, domin sabon bulok da ake sayarwa a matsayin kayan gyara haka yake zuwa babu lamba. Amma idan ka ga alamar an goge wurin da fayil, ko haruffan sun karkace ba su kan layi, ka tsaya ka yi tambaya sosai kafin ka ba da kuɗinka.

Duk da haka, abin da lambar ke faɗa maka shi ne yadda bulok ɗin ya fito daga masana'anta. Ba ta san abin da kanikawa suka yi masa a shekarun da suka biyo ba. Harafin H ne ya fi kowanne wannan matsala. Silindar 1600 tana shiga mazaunin ta 1500 kai tsaye, a bulok da kuma a tof silinda, wato murfin da ke rufe kan silinda, ba sai an kai wurin mai injin yanka ba. Kuma kayan 85.5 sun fi na 83 sauƙin samu nesa ba kusa ba, ko a kasuwar kayan gyara ta Ƙofar Ruwa kake nema ko Panteka ko Ladipo. Don haka injin H da aka taɓa yi wa babban gyara, akwai kyakkyawan zaton ya riga ya zama 1600 ko mai shi bai sani ba. F da AB ma ana mayar da su, sai dai su tof silindarsu ana buɗa ta ko a sauya.

Mataki na huɗu: karanta jikin injin

Yanzu ka duba ko abin da ke waje ya yarda da abin da harafi ya ce.

Fara da manifol, bututun da ke sauko da fetur da iska daga kafireta zuwa dama da hagu. Bi shi da ido har inda ya shiga tof silinda. Idan bututun ƙarfe ne guda ɗaya tun daga sama har ƙasa, mai ƙofa ɗaya ne. Idan kuwa ka ga roba mai kama da ɗan gajeren tiyo an ɗaure da maɗauri biyu, daga nan wani farin ƙarfen alminiyam ya rabu biyu ya shiga, mai ƙofa biyu ne. Wannan tsari da ƙirar 1971 ya fara, kuma masana'anta ba ta yi shi a 1200 ko 1500 na kunkuru ba. Mai ƙofa biyu, ko 1300 ne ko 1600 ko abin da ya fi haka. Idan lamba ta ce H amma ka ga ƙofa biyu, ka samu shaidar an shiga cikin injin.

A tsakanin masu ƙofa ɗaya, akwai hanyar ware 1200. A nasa, manifol yana sauka a miƙe ya zauna a kan shimfiɗaɗɗen wuri a saman tof silinda. A 1300, 1500 da 1600 mazaunin a ɗan karkace yake. Injin 1200 kuma ya fi sauran ƙanƙanta daga gefe zuwa gefe saboda silindarsa gajeru ne, wanda ya saba da su yana ganewa daga tazarar da ke tsakanin inji da jikin mota.

Kafireta tana da suna a gefen kwanon fetur ɗinta. Lambar farko ita ce faɗin maƙogwaronta da milimita. Solex 28 ta 1200 ce ta farkon shekarun 1960, 30 PICT ta yi aiki a injina masu ƙofa ɗaya iri-iri, 31 PICT ta 1300 mai ƙofa biyu ce, 34 PICT-3 kuma ta 1600 mai ƙofa biyu. Shaida ce mai rauni tunda noti biyu ke riƙe da ita, amma tana da amfani ta wata fuska: idan ka gama bincike ka tabbatar 1600 ne, ka dawo ka ga 28 a kansa, ka gano dalilin da ya sa motar ke zafi.

Zura hannu bayan gidan fanka, wajen da ke kallon kujerar baya. Idan ka ji wani ƙullutu kamar ƙaramin akwati ya fito a ɓangaren hagu, wannan gidan na'urar sanyaya mai ne da aka fitar waje daga ƙirar 1971. Kafin nan a cikin gidan fankar take, tana tare wa silinda ta uku iska, shi ya sa ta uku ta yi suna wajen ƙona bawul a tsofaffin injina. Samun wannan ƙullutu alheri ne a ƙasa mai zafi, kuma yana nuna kayan na 1971 zuwa sama ne.

Abubuwan da ba za su gaya maka komai ba: altaneta ko janareto, distiributa, salansa, launin fenti. Batir mai bolt 6 ko 12 ma shekara yake nunawa, ba girma ba, kuma yawancin masu 6 an daɗe da mayar da su 12. Haka gudu a titi. Lafiyayyen 1300 zai wuce gajiyayyen 1600 a hawa, don haka "ji yadda take ja" ba hujja ba ce. Gwajin matsi da ake yi ta ramin fulogi lafiyar ringi da bawul yake nunawa, shi ma bai san girma ba.

Wasu suna zura sanda ta ramin fulogi su juya inji don auna tafiyar fistin. Ni ba na son wannan a kunkuru. Ramin a karkace yake, abin da za ka samu ƙiyasi ne, milimita biyar kacal ke tsakanin 64 da 69, kuma ko ka dace ba ka raba 1300 da 1500 da 1600 ba. Idan sandar ta karye a ciki kuwa, ka jawo wa kanka sauke injin da kake gudu.

Mataki na biyar: buɗewa da aunawa

Kafin ka kai nan, tambayi kanka ko akwai buƙata. Idan injin yana aiki lafiya, ba ya hayaƙi, ba ya zafi, harafi da manifol da kafireta duk bakinsu ɗaya, ka bar shi. Canjin baƙin mai lita biyu da rabi ne a dukansu, gyaran bawul ma kusan ɗaya ne. Amma idan za ka sayi ringi ko fistin, ko shaidun sun saɓa wa juna, to gani ya kori ji. Kada ka sayi komai sai ka auna.

A kunkuru sauke inji ya fi sauƙi a kan ƙoƙarin cire tof silinda a cikin mota. Cire kan batir da ke ƙarƙashin kujerar baya. Zare wayoyin janareto, koyil, cok da na fitilar mai, kana manna wa kowace takarda da sunanta. Kwance wayar totur, zare tiyon fetur ka toshe shi, kuma kada a kunna wuta ko sigari kusa. Cire farantin gwangwanin da ke can baya da wayoyin hita idan suna nan. Ɗaga bayan motar sosai a kan tsayayyun ƙafafun ƙarfe, kada ka amince da jak shi kaɗai ko tarin bulo. Sa jak mai taya a ƙarƙashin inji da katako a tsakani, kwance noti biyun ƙasa da biyun sama da sufana 17, ja injin baya har ya fita daga sandar giya, sannan ka sauke a hankali. Nauyinsa ya kai kilo ɗari, aikin mutum biyu ne.

Tun yana ƙasa ka dubi filawil. Mai haƙori 109 na zamanin bolt 6 ne, mai 130 na bolt 12. Za ka buƙaci wannan ranar da za ka sayi kik ko kuloci.

Cire manifol, salansa, gidan fanka da gwangwanayen da suka rufe silinda. Ɓalle wayar da ke riƙe da murfin bawul, kwance noti biyun da ke riƙe da sandar roka, zare sandunan tura bawul ka jera su yadda suka fito don kowanne ya koma raminsa. Noti takwas ke riƙe da tof silinda, ka sassauta su kaɗan-kaɗan kana zagayawa, kada ka kwance ɗaya gaba ɗaya sauran suna ɗaure. Idan ta ƙi fita, ɗan bubbuga da gudumar roba. Kada ka sa sukundireba tsakanin fikafikan silinda, suna karyewa.

Ga fistin biyu a gabanka. Goge baƙin da ke kan ɗaya da kananzir da katako mai laushi. Sau da yawa amsar tana nan a rubuce: kibiya mai nuna wajen filawil, da lamba irin 76.95, 82.95 ko 85.45. Fistin yana ɗan gaza ramin da yake ciki, don haka waɗannan su ne 77, 83 da 85.5. Nan kuma za ka ga ko kansa shafaffe ne ko mai kwarmi irin na ƙananan matsi.

Ko ka ga lambar, auna da kanka. Sa baniya, wato ma'aunin milimita mai baki biyu, a bakin silinda ka auna faɗin ciki, ka sake aunawa a gicciye. Daga nan sai tafiya. Kafin ka juya inji, ka riƙe silindar da wani ɗan bututu da noti a kan ɗaya daga cikin dogayen kusoshin, in ba haka ba fistin zai ɗago ta daga mazauninta, ta fara yoyon mai bayan ka haɗa. Juya fuli har fistin ya kai ƙarshen sama, auna zurfinsa daga bakin silinda da wutsiyar baniya. Juya har ya kai ƙarshen ƙasa, sake aunawa. Debe na farko daga na biyu, abin da ya rage shi ne tafiya.

Lissafin: faɗi sau faɗi, sau 0.7854, sau tafiya, sau 4, a raba da 1000. Misali ka samu 83 da 69. 83 sau 83 ya ba da 6889. Sau 0.7854 ya zama kusan 5411. Sau 69, sau 4, a raba da 1000, ka samu 1493. Injin 1500 ne.

Awon zai iya ba ka abin da babu a jerin masana'anta. Rabin milimita ko ɗaya a kan 77 ko 83 yana nufin an taɓa gyara ramin aka sa fistin mai ɗan girma, kuma ringin da za ka saya dole ya bi wannan awon. 83 da tafiya 64 shi ne 1200 da aka faɗaɗa ya zama 1385. 87 da 69 ya ba da 1641, wanda ke shiga mazaunin 1600 kai tsaye amma bangon silindarsa siriri ne, ba na sha'awarsa a yanayin zafi. 90.5 ya ba da kusan 1776, 92 ya ba da 1835, 94 kuma kusan 1915, waɗannan ukun sai an yanka bulok da tof silinda kafin su shiga.

Tunda ka riga ka sha wahalar saukewa, buɗe ɗaya gefen ma. Injin da ya ratsa hannaye da yawa a lokacin da kaya ke wuya ana iya samunsa da 83 a dama, 85.5 a hagu, tunda duka suna shiga rami ɗaya. Irin wannan yana tashi, yana tafiya, sai dai rawar jiki da ba ta jin gyaran kafireta.

Wajen mayarwa, sa sababbin robobin bututun sandunan bawul guda goma sha shida, tsofaffin ba sa sake riƙe mai. Ɗaure notin tof silinda da sufana mai awo, a zagaye biyu, bisa tsarin gicciye: Nm 32 (Nm shi ne ma'aunin ƙarfin ɗauri) idan kusoshin masu kauri milimita 10 ne, Nm 25 idan masu 8 ne. Kada ka ƙara da cewa ya fi ƙarfi, zaren da ke cikin magnesiyam tsigewa yake. Gyara tazarar bawul zuwa milimita 0.15 inji yana sanyi ƙalau. Wayoyin fulogi su bi 1-4-3-2, kana tuna cewa idan kana tsaye a baya, ta ɗaya tana dama can ciki, ta biyu dama kusa da kai, ta uku hagu can ciki, ta huɗu hagu kusa da kai. Kuma kowane gwangwani ya koma wurinsa, har ƙananan da ke ƙarƙashin silinda da robar da ta kewaye injin. Kanikawa da yawa suna yar da su don suna ɓata lokaci, alhali su ne ke tilasta wa iskar fanka bi ta cikin fikafikai.

Rubuta harafin bulok, faɗi, tafiya, irin kan fistin, kaurin kusoshi da haƙoran filawil a takarda, ka ajiye tare da takardun motar. Ranar da za ka je kasuwa, ka tafi da tsohon fistin ɗaya da baniyarka a aljihu, ka ce a ba ka ringin 85.5 ko na 83, kada ka ce na 1600 ko na 1500. Ka buɗe kwalin a gaban mai shago ka auna kafin ka biya.